Awa Huɗu da Minti Ashirin

Ranar Litinin da hantsi takardar ta iso, ina tsaye gaban allo ina nuna wa mata inda ƙaramin yatsa yake zama a kan madannan kwamfuta. Masinjan kamfani ya leƙo, ya miƙo mini ambulan, na sa masa hannu, ya juya ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. Na san masinjoji sarai, in albishir suka kawo sai sun nemi kujera.

Na ce wa mata su ci gaba, na fita baranda na buɗe. Kamfanin sadarwar da ya ba ajinmu kwamfutoci goma wata shida da suka wuce ne yake gaishe mu da kyau, sannan yake sanar da mu cewa lissafin da yake gani daga ofishinsa ya nuna kowace kwamfuta ta yi aikin awa huɗu da minti ashirin kacal. Abin da aka sa rai awa ɗari uku ne. Ranar Alhamis jami'arsu za ta zo ta gani da idonta, idan ta tarar haka abin yake, za a kwashe su a kai wa wata cibiya da ke jira. Sau uku na karanta ko zan ga inda aka yi kuskure. Babu kuskure ko na minti ɗaya, ni ce shaida.

Ajin nan nawa ne, ko da yake da sunan ƙungiyar unguwa yake. Ɗaki ɗaya ne a bene, saman wani shagon fenti, da benci biyar, da allo, da fanka mai kuka, da mata ashirin da biyu waɗanda yawancinsu sun girme ni. Shekara biyu na yi ina cika fom ɗin neman tallafi, kamfani bayan kamfani. Wannan ya ce ba mu da rajista, wancan ya ce mu turo hoto, wani ko amsa babu. Ranar da wannan kamfanin ya amince sai da na yi kuka a gaban mai shagon fenti, har yau yana tsokanata da shi.

An yi taro ranar miƙa kayan. An kafa rumfa a bakin titi, an rataya ƙyalle mai tambarin kamfani, mai hoto yana ta cewa mu matso mu yi murmushi. Babban manaja ya tashi ya yi jawabi kan ci gaban al'umma da makomar mata, irin maganar da ake tafa wa ba a saurara ba. Amma a ƙarshe ya ɗauki kwamfuta ɗaya da hannu biyu, irin 'yar ƙaramar nan da ake ɗorawa a cinya, ya miƙa wa shugaban ƙungiyarmu, ya ce, "Baba, amana ce muka damƙa muku. Bayan wata shida za mu dawo mu ga yadda kuka riƙe ta."

Shugaban ƙungiyarmu kawuna ne, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. A unguwa Baba Sito ake ce masa, don shekara talatin da biyu ya yi yana tsaron sito a wata masana'anta, kuma ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. In ka ba shi ajiyar biro, bayan shekara zai dawo maka da shi da murfinsa, tawadar ma ba ta ragu ba. Da manaja ya ce amana, na ga Kawu ya gyara tsayuwa ya rungume kwamfutar a ƙirji. Kowa ya tafa, har da ni, wawiya.

Washegari ya sayo kabad na ƙarfe da kuɗin fanshonsa, ya jera su ciki, kowace da ledarta, ya kulle ya jefa makullin a aljihu.

"Kawu, yaushe za mu fara?" na ce.

"Fara me?"

"Karatu mana. Don shi aka kawo su."

"Kin ji abin da mutumin ya ce ko ba ki ji ba? Za su dawo su ga yadda muka riƙe. Matan nan naki, wannan hannunta da sabulu, waccan da mai, ɗaya ta zo da goyo. In yaro ya zuba ruwa a kai, ke za ki je ki tsaya gaban manaja ko ni?"

"To ai sai an taɓa ake koyo, Kawu."

"Su fara koyo tukuna. In hannu ya faɗa sai a taɓa."

Na yi musu, na yi fushi, na kai ƙara wajen mahaifiyata, ta ce in ji kunya, mutumin da ya aurar da ni. Amma in zan faɗi gaskiya, ba Kawu kaɗai ke da laifi ba. Ni ma tsoro nake ji. Ban taɓa riƙe abu mai tsada haka ba, kuma duk sanda na raya a raina gilashin ɗaya ya tsage sai in fasa matsa wa Kawu. Na dinga ce wa kaina wata mai zuwa, wata mai zuwa, har watannin suka ƙare.

Tsohuwar kwamfutata da na buɗe ajin da ita ta mutu tun kafin a kawo waɗannan, matan da nake koya wa yanzu ba su ma riske ta ba. Don haka na roƙi mai shagon fenti kwalaye, na yanka su daidai faɗin kwamfuta, na zana madannai a kai da biro mai kauri, harafi bayan harafi. Kowace mace da kwalinta, tana tafiya da shi gida. Ina kiran kalma suna bugawa a kwali, ina zagayawa ina duba yatsu. Su kuwa kwamfutoci goman nan, duk ranar Asabar Kawu zai zo ya buɗe kabad, ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya kunna kowace minti goma cif don kada batir ya mutu, idonsa a kan agogo, sannan ya goge ta da hankici ya mayar. Minti goma sau ashirin da shida. Kamfani bai ci mana ko daƙiƙa ɗaya ba.

Ranar Litinin ɗin nan da aka tashi aji ban biya gida ba, na wuce wurin Kawu. Na same shi a ƙofar gida yana ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa takardar.

"Madalla," ya ce. "Dama ina ƙirga kwanaki. Su zo su gani."

"Kawu, ba ka gane ba. Kwashewa za su yi."

"Wa zai kwashe kaya a hannun wanda ya riƙe su haka? Tukuna ma, ta yaya suka san awa huɗu ne?"

"Akwai layi a cikin kowace. Duk sanda aka kunna sai ta aika musu."

Ya ajiye tabaran ya nuna ni da yatsa. "Kin gani ko? Ashe ido suka sa mana. Da na biye miki kun yi ta dannawa, da tuni sun gani."

Wallahi na rasa ko dariya zan yi ko ihu. Na ce masa awa ɗari uku suke so, su da kansu, ga shi a rubuce. Ya ce takarda yaran ofis ke rubuta ta, shi kuwa da babban manaja ya yi magana, ido da ido, a gaban mutane. Na roƙe shi ya ba ni makullin ko na kwana ukun nan ne, mata su zauna a kai daga safe har yamma, jami'a ta zo ta same su suna aiki. Ya ce wata shida ya tsare abu lafiya, ba zai bari ya lalace saura kwana uku ba. Daga nan ya tambaye ni lafiyar yara, wato magana ta ƙare.

Talata a waya na wuni. Lambar da ke ƙasan takardar wata murya ce ke ɗauka, ta ce in danna ɗaya, in danna uku, sannan ta sa mini kiɗa. Sau bakwai na sha kiɗan nan. A na takwas wani mutum ya ɗauka, ya saurare ni cikin ladabi har na gama, ya ce shi sashen sayar da layi yake, amma yana yi mini fatan alheri.

Mijina makaniki ne, kowace matsala a wurinsa da sifana ake warware ta. Ya ce kwaɗon kabad ɗin aikin minti biyu ne, a fito da su a kunna a bar su suna ci har Alhamis. Na zauna na lissafa, ko ba a kashe su ba sam ba za su kai awa hamsin ba, kuma waɗanda suka san minti goman Asabar za su san bayan zuwan takarda aka kunna. Ban da haka, in na fasa kabad ɗin Kawu, da wane ido zan sake kallonsa? Mijina ya ce to in ci abinci mana. Na kai loma biyu na ture kwanon.

Sai na tuna da takardar yarjejeniya da na sa wa hannu ranar taro. Na zazzage jakunkuna har na same ta a ƙasan akwati, shafi shida, ƙananan haruffa. A shafi na huɗu ga shi nan ɓaro-ɓaro, awa ɗari uku cikin wata shida, in ba haka ba kamfani ya karɓi kayansa. A ƙasa ga sa hannuna, har da 'yar lanƙwasar da nake yi in ina cikin farin ciki. Ranar, mai hoto yana kira, mata suna tafi, ban karanta ko layi ɗaya ba. Ni da nake koya wa mutane karatu.

Laraba na gaya wa mata. Na so in yi ta kwana-kwana, amma sun riga sun ga fuskata. Wadda ta fara magana ita ce babbar ɗalibata, wadda muke ce wa Mai Wanki saboda sana'arta, mace mai 'ya'ya biyar wadda mijinta ya shekara uku a kwance. Wani otal ya yi mata alkawarin aiki a teburin karɓar kayan wanki, inda ake shigar da komai a kwamfuta, in har ta kawo takardar shaida. Takardar kuwa kamfani ke bayarwa, bayan jarrabawar da ake yi a kan kwamfutocin nan.

"Malama, in sun kwashe, jarrabawar fa?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ni fa kwalina na uku ke nan. Biyu sun huje." Ta ɗaga shi ta nuna mini, wurin haruffan tsakiya ya yi laushi ya yi baƙi. "Ko a teburin guga yana gefena. Yarana har dariya suke mini, wai Umma tana yi wa kwali tausa."

Aka yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Wata ta ce mu je dukkanmu mu roƙi Baba Sito, wata ta ce ai shi ko matarsa ba ya ba makullin akwatinsa. Na ce kowa ta zo gobe da wuri, da kwalinta, da hannu a wanke. Ban san me hakan zai amfana ba, amma ba ni da wani abin faɗi.

Alhamis tun ƙarfe bakwai ina ɗakin, na share shi sau biyu. Kawu ya iso ƙarfe takwas cikin kayan da ya sa ranar taro, sai ƙamshin turare yake. Mata suka cika benci. Duk motar da ta rage gudu a titi sai mu kalli taga gaba ɗaya. Sai wajen sha ɗaya wata farar mota mai tambari ta tsaya gaban shagon fenti. Da na leƙa na ga bayanta fayau, an kwantar da kujeru, na san da shirin ɗaukar kaya suka zo.

Jami'ar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, da fayil a hannu da gumi a goshi, ga alama ba mu ne wuri na farko da ta je a ranar ba. Ta gaida Kawu har ƙasa, ta gaida mata, ta ce ko za ta iya ganin kayan.

Kawu ya buɗe kabad a hankali don kowa ya gani. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya jera su goma reras, yana kiran lambar kowace da ka. Ko ledar da ke manne a gilashi ba a ɓare ba.

"'Yata, duba da kyau," ya ce. "In kin ga ƙwarzane ɗaya, ki rubuta sunana."

Ta duba. Ta ɗaga ɗaya ta juya ta, ta shafa madannan da yatsa. Sannan ta kalle ni, ni kuwa na kalli ƙasa.

"Malama, a ina ɗalibai suke koyo?"

Mai Wanki ce ta ɗaga kwalinta, sai sauran suka ɗaga nasu, ashirin da biyu. Jami'ar ta karɓi ɗaya ta daɗe tana kallo, ta juya bayansa ta ga hoton gwangwanin fenti. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

"Baba, ina so su zauna a kai in gani," ta ce.

Kawu ya dube ta. "Yanzu? Kin dai gama dubawa? Kin shaida lafiya kika same su?"

"Na shaida, Baba. Ai don su zauna a kai aka kawo su."

Ya ja da baya, ya goya hannuwansa. Mata goma suka matso suna goge tafin hannu a jikin tufafinsu. Na kunna, na buɗe musu farin shafi, na ce kowace ta rubuta sunanta. Yatsu suka hau daidai inda na koya musu, suka fara motsi gwanin sha'awa. Shafi kuwa fari fat, ko ɗigo babu. Na ce shi ke nan, zaman kabad ya kashe su. Sai da na sunkuya na lura, ashe shafa madannan kawai suke yi. Kwali ba ya nutsewa, don haka wata shida ba wadda ta san ana dannawa har ya shiga.

"Ku danna!" na ce, da ƙarfin da ban yi niyya ba. "Ku danna har ƙasa, ba zai fashe ba!"

Mai Wanki ta danna. Harafi ya fito, ta janye hannu kamar ta taɓa dutsen guga. "Laa! Malama, ta amsa!"

Daga nan ɗakin ya cika da ƙwas-ƙwas. Ba wadda take kallon yatsunta, haka na horar da su. Jami'ar ta fito da wayarta ta sa agogo, ta karanta musu jimla uku. Mai Wanki ta gama kafin minti ɗaya ya cika, kuskure biyu kacal. Tana bugawa hawaye na zuba, tana kauda fuska gefe kada ya ɗiga a kai.

Jami'ar ta ce mu ba ta minti biyar, ta sauka ƙasa da waya a kunne. Muka taru a taga. Muna ganinta tana kai da komowa gaban shagon fenti, tana magana da hannu, ta tsaya ta saurara, ta sake farawa. Minti biyar ya zama ashirin. Na yi duk addu'ar da na sani, na haɗa da alkawuran da Allah kaɗai ya san ko zan iya cikawa. Da na ga ta sauke wayar ta tsaya tana kallon takalminta kafin ta hawo, na san amsar.

"Na yi iya ƙoƙarina," ta ce. "Na gaya musu abin da na gani. Sun ce lissafi ya rufe tun ƙarshen wata, kuma waccan cibiyar ta riga ta sa hannu, ɗalibanta suna jira ranar Litinin. Da awoyin sun kai ko rabi ne, da akwai abin da zan kama. Kuna iya sake nema baɗi, zan rubuta muku shaida mai kyau."

"Jarrabawar fa, 'yar nan?" in ji Mai Wanki.

"Ɗaliban cibiyar da ke riƙe da kayan kaɗai ake yi wa, Mama. Ki yi haƙuri."

Kawu ya matso. Har lokacin bai yarda ba, na gani a fuskarsa, yana ganin rashin fahimta ce irin ta yara. "'Yata, kira mini manajanku. Shi da bakinsa ya ce mini amana ce. Ki gaya masa Baba Sito ne, zai tuna."

Ta gyara fayil ɗinta, ta rasa inda za ta sa ido. "Baba," ta ce a hankali, "haka yake faɗa a kowane taro. A rubuce yake cikin jawabin."

Ban taɓa ganin Kawu ya nemi wurin zama baƙo yana tsaye ba sai ranar. Ya zauna a bakin benci, kusa da mata, ya cire hularsa ya riƙe. Duk haushinsa da na tara wata shida, da maganganun da na shirya zan faɗa masa in hakan ta faru, na neme su na rasa. Tausayinsa ne kawai ya cika ni, da haushin kaina.

Direba ya hawo da akwatuna. Mata suka tashi daga kan kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Mai Wanki ce ta ƙarshe, ita ma sai da na dafa kafaɗarta. Jami'ar ta cika takardar karɓar kaya ta miƙa wa Kawu ya sa hannu. Ya ce in karanta masa tukuna, shi bai taɓa sa hannu a abin da bai ji ba. Na karanta. Adadi, goma. Abin da ya ɓata, babu. Abin da ya lalace, babu. Yanayin kaya, sababbi fil, ba a yi amfani da su ba.

"Sake karanta na ƙarshen," ya ce.

Na sake. Ya gyaɗa kai ya sa hannu.

Direba ya ɗauki akwati na ƙarshe ya nufi matakala, sai Kawu ya miƙe ya bi shi. Na bi bayansa don kada ya faɗi. A bakin mota ya kama hannun rigar direban.

"Ɗana, kai za ka kai su can?"

"Ni ne, Baba."

"Akwai dattijo a wurin? Mai riƙe makulli?"

"Ban sani ba, Baba. Ƙila akwai."

"In akwai, ka ce masa wani tsoho ya ce kada ya kulle su. Ya bar mutane su yi ta dannawa tun yau. In ta fashe ta fashe."

Direban ya ce to, zai faɗa. Kawu bai saki hannun rigarsa ba sai da ya sa shi ya maimaita saƙon.